Tagar Sista Liatu

Gumin ne ya fara gaya wa Sauda gaskiya. Lokacin da maƙwabta suka shigo da mijinta Hammadu a rirriƙe, suka shimfiɗa shi a kan tabarma a tsakar gida, rigarsa ta jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya, amma da ta dafa goshinsa sai ta ji shi sanyi ƙalau. Hannuwansa suna rawa. Idonsa a buɗe, yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. Suka ce yana cikin buga bokiti a rumfarsa ta ƙira da ke bakin layi, bayan Azahar, sai guduma ta suɓuce masa, shi ma ya bi ta ƙasa.

Ran sha bakwai ga azumi ne, rana kamar za ta narka kwano, kuma duk unguwar Gwallaga an san Hammadu yana da ciwon suga.

"Sugan ne ya hau," in ji Malam Sabitu, yayan Hammadu, wanda ya shigo yana saɓa babbar riga a kafaɗa. Malam Sabitu mutum ne da tun da aka yanke masa cibiya ba a taɓa jin ya ce bai san abu ba. "A jiƙa shuwaka a ajiye, in an sha ruwa a ba shi. Yanzu ku matsa in yi masa tofi."

Sauda ta miƙe. Ta faɗa madafi da gudu, ta buɗe gwangwanin sukarin da ta tanada don kunun buɗa-baki, ta zuba cokali uku a kofi, ta tsiyaya ruwa, ta fito tana damawa da yatsa.

"Ke Sauda! Sukari? Mai ciwon suga za ki ɗura wa sukari, da azumi a bakinsa? Kashe mini ƙane za ki yi?"

"Yaya, don Allah ka matsa mini."

Shekara ashirin da biyu da aurenta, Sauda ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli yayan mijinta ba, balle ta ce masa ya matsa. Mamaki ne ya matsar da shi, ba yarda ba. Ta durƙusa, ta tallafo kan Hammadu a cinyarta, ta ɗiga masa ruwan kaɗan ta zuba ido a maƙogwaronsa. Ya haɗiye. Sai ta ƙara, ta ƙara. Tsoro ya cika ta, amma akwai wata murya da ke tafiya a cikin kanta ba gargada, kuma muryarta ce ita kanta: gumi mai sanyi, rawar jiki, mutum ya rikice, to sugan faɗuwa ya yi, ba hawa ba. In yana iya haɗiya, a ba shi sukari nan take. In ba ya iya, kada a ɗura masa komai, a ruga da shi asibiti. Azumi ana rama shi.

Ba a yi minti goma sha biyar ba Hammadu ya ƙifta ido, ya dubi taron da ke kansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce da muryar mai barci, "Wa ya ɗauke mini guduma?"

Mata suka ɗauki salati, wata ta fashe da dariya tana share hawaye. Malam Sabitu ya gyara hula ya ce da ma ya san tofin ba zai faɗi ƙasa banza ba. Sauda ta bar shi da tofinsa, ta aika a tsayar da keke mai ƙafa uku a kai Hammadu asibiti a duba shi, sannan ta koma madafi ta zauna a kan turmi ta yi kukan da ta shekara huɗu tana riƙe da shi.

* * *

Kukan na Jalo ne, wanta uwa ɗaya uba ɗaya, manomin dawa a ƙauyen Miri. Shekara huɗu da suka wuce, shi ma a cikin azumi, ya faɗi a ƙofar gidansa da irin wannan gumi da irin wannan rawar jiki. Shi ma aka ce sugan ne ya hau. Aka hana shi ko ɗigon abu mai zaƙi, aka zauna ana jiran Magariba, kuma Sauda ce da hannunta ta jiƙa masa shuwakar da bai rayu ya sha ba. Bayan sadakar bakwai aka sami ambulan ɗin maganinsa a aljihu, an yi wani rubutu a jiki kamar kaza ta yi tono. Matarsa ta ce ranar da aka ba shi maganin tana tsaye a bayansa. An yi masa bayani da sauri, rabi Turanci rabi Hausa, ya sunkuyar da kai ya ce, "To. To. Na gode."

Wannan "to" ɗin, in da ana tuhumar kalma, da tuni an ɗaure ta. Mutumin da zai yi awa guda a kasuwar Muda Lawal yana jayayya a kan mudun wake, ya tambayi garin da aka noma shi da shekarar da aka girbe shi, shi ne in ya tsaya gaban mai farar riga sai harshensa ya naɗe. Tambaya rashin kunya ce, cewa ba ka gane ba tonon asiri ne, ga kuma mutum hamsin a bayanka suna huci. Mai farar rigar ma ya san ba a gane ba. Ya tambaya, "An gane?" a ce masa "To," kowa ya rufa wa kowa asiri, a tafi gida a sha magani yadda Allah ya nufa.

Sauda ma da "to" ɗinta ta je asibitin unguwa ranar da aka fara rubuta wa Hammadu magani, shekara biyu bayan rasuwar Jalo. Hammadu ya zauna a benci, ita ta bi layin tagar karɓar magani. Layin ba ya motsi. Mutane suna ta tsaki, wani dattijo ya ce ai duk ranar da matar nan take taga sai mutum ya zo da abincin rana.

Matar ita ce Liatu Andrawus, wadda kowa ke kira Sista. 'Yar Bogoro ce, gajera, mai furfura a gefen ɗankwali, da tabarau a kan karan hanci da ƙaramin gicciye a wuya. Shekara ashirin da shida tana wannan taga. Hausarta ba ta masu wa'azi a rediyo ba ce, wani lokaci har ta ce wa mace "ka zo", amma ba ta taɓa faɗin kalmar da tsohuwa daga ƙauye za ta tsaya nema ba. Ta yi wa Sauda bayani daki-daki. Sauda ta sunkuyar da kai ta ce, "To."

"To me?" in ji Liatu.

Sauda ta ɗago a razane.

"Maimaita mini. Me na ce miki?"

Kunya ta rufe Sauda, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai "safe da... da dare". Liatu ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Ta ce, "Ba laifinki ba ne, 'yar'uwa, ni ce ban faɗa da kyau ba. Bari mu sake." Ta ɗauki biro ta zana rana tana fitowa a kan ambulan, ta zana rana a tsaka, ta zana wata. Ta tambayi ƙarfe nawa maigida yake karyawa, wane aiki yake yi, yana azumin Litinin da Alhamis ko ba ya yi. Ita da ke zuwa coci ran Lahadi ta fi wasu masu carbi sanin lokutan salla, don da su take ɗaura wa mutane magani: wannan bayan Asuba in an ci abinci, wannan bayan Azahar, wannan bayan Isha. Daga nan ta zo kan gumi mai sanyi da rawar jiki.

A nan Sauda ta riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu. Ta ce a hankali, "Sista, kina nufin in an ba shi sukari zai tashi?"

"Sau da yawa, in an yi sauri."

Sauda ba ta ambaci Jalo ba. Liatu ta dube ta ta saman tabarau, ta ce, "Maimaita mini." Sau uku Sauda ta maimaita, layi yana tsaki a bayanta, har maganar ta zauna mata kamar karatun allo. A ƙarshe Liatu ta ce in azumi ya gabato su dawo tare, likita ya sake tsara maganin, kada su yi dabarar kansu.

Bara sun dawo, aka wuce lafiya. Bana ne Hammadu ya ce shi ba yaro ba ne da za a riƙa raka shi, ya tafi shi kaɗai. Ya tarar Liatu ta tafi gida bikin ɗanta, wata matashiya ce a tagar. Layi na gudu kamar ruwa. Ta miƙo ambulan, ta faɗi wani abu da sauri, Hammadu ya ce "To," ya dawo gida yana yabon sabon tsari. Da azumi ya kama sai ya yi lissafinsa na maƙeri: tunda ba a shan komai da rana, sai ya haɗa ƙwayar safe da ta rana ya afa da sahur. Kwana goma sha shida yana jin jiri yana cewa zafi ne.

* * *

Bayan Salla da mako guda Sauda ta cika samira da dambun nama ta tafi asibiti. Ta jira har layi ya ƙare, La'asar ta kusa, sannan ta leƙa tagar.

Liatu ta kira ta da sunan 'yarta: "Maman Zakiyya! Ya mai jiki? Na ji labari. Ashe kin zama likita ba mu sani ba."

"Sista, bakinki ne a bakina. Wallahi ban san me zan ce miki ba."

"Kada ki ce komai, miƙo samirar." Liatu ta ɗebi dambun ta kai baki, ta lumshe ido. Sannan ta nuna wata takarda da aka manna a jikin bango kusa da tagar, mai hatimi da dogon Turanci. "Kin ga wancan? Ran Alhamis za a karrama ni. Za a kafa rumfa, manya za su zo, za a ba ni allo mai sunana."

Sauda ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti har wani ma'aikaci ya leƙo. "Alhamdulillahi! Ai sun makara ma!"

Liatu ta yi murmushi, amma murmushin bai kai ido ba. Ta cire tabarau tana goge shi da gefen riga. "Ni ban iya ɓoye magana a cikin zani ba, kin sani. Bari in faɗa miki abin da takardar ta ce da Hausa. Sabon shugaba ya sa an riƙe agogo a kan kowace taga. An ga yarinyar da ta riƙe mini wuri tana sallamar mutum arba'in a awa ɗaya, ni kuwa goma sha biyu. Saboda haka daga Litinin za a mayar da ni sito, can baya, in riƙa kula da kwalaye. Sun sa wa abin suna mai daɗi, wai ƙarin girma. Amma cire ni aka yi daga taga."

Sauda ta tsaya da marfin samira a hannu. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta saba da shi ba, mai zafi, wanda ba ya neman kuka. "Yarinyar da ta kusa mayar da ni bazawara ita ce gwana?"

"A'a, kada ki zage ta. Abin da aka koya mata take yi, kuma abin da ake yabo ke nan. Shugaban ma ba mugu ba ne. Yana ganin mutanen ƙauye suna yini a layi, yana jin tausayinsu. Agogo dai ba ya bin mutum gida ya ga yadda ya sha maganin."

A keke, hanyar komawa gida, Sauda ta yi ta juya maganar. Ba ta yi boko ba, ba ta san kowa a ma'aikata ba, ba ta taɓa magana a taron da ya wuce na suna ba. Amma ta san benci. Shekara biyu tana zama a bencin asibitin nan duk wata, ta san wa ke da hawan jini, wa ke da asma, wa Liatu ta hana ba jaririnta maganin manya. Washegari ta sa hijabi ta shiga Muda Lawal layin 'yan atamfa da na 'yan hatsi, rana ta gaba kuma ta hau mashin zuwa Miri wajen matar Jalo. Abin da take faɗa ko'ina ɗaya ne, kuma gajere: za a cire Sista daga taga, ran Alhamis ƙarfe goma, kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa.

* * *

An kafa rumfa biyu a harabar asibitin. Ta gaba mai kujeru masu laushi ta manya ce, ta baya mai kujerun roba an tanade ta don ma'aikata, amma kafin ƙarfe goma mutanen Sauda sun cika ta sun tumbatsa har rana. Masu shirya taro suka ji daɗi, suka ce jama'a ta amsa gayyata, a ɗauki hoto.

Dakta Mahfuz, shugaban asibitin, ya tashi ya karɓi lasifika. Matashi ne mai tsafta, ɗan cikin gari, jikan malamai, wanda a gidansu Hausa ake yi mai daɗin ji. Amma ya yi sallama ke nan ya rufe Hausar a aljihu, ya buɗe Turanci. Kusan rabin awa yana zuba, kalmomi dogaye masu ƙugiya, yana nuna wani zane mai hawa da sauka a jikin allo. Duk inda ya ja numfashi manya su tafa, rumfar baya ma ta tafa don kada a ce ba ta da tarbiyya. Aka kira Liatu, ta fito cikin farar rigarta da aka goge ta yi ƙyalli, aka miƙa mata allon katako mai rubutun ruwan zinare. Aka yi hoto.

Sannan Dakta Mahfuz ya juyo wajen rumfar baya da fara'a, ya ce da Hausa, "Iyayenmu da 'yan'uwa, kun dai ji irin ci gaban da aka samu. An gane ko?"

"To!" in ji rumfar gaba ɗaya, kawuna suna gyaɗawa. Har Hammadu, da ke zaune kusa da ita da sabuwar hula, Sauda ta ji ya ce "To."

Ta miƙe.

"Likita, ni ban gane ba."

Aka waiwayo. Wani ma'aikaci ya taso da sauri yana yi mata alama da hannu ta zauna, Hammadu ya ja gefen hijabinta. Ba ta zauna ba.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ban yi makaranta ba. Ko kalma ɗaya ban gane ba, kuma na rantse waɗannan da suka ce to ba su fi ni ba. Don Allah ka maimaita mana da Hausa. Me za a yi da Sista?"

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ni ma ban gane ba." Wani ya ce, "Wallahi ko ni." Sai dariya ta ɓarke a rumfar, dariyar mutanen da aka sauke wa kaya daga ka.

Dakta Mahfuz ya yi murmushin dole. Ya ce, "Hajiya, a taƙaice, an ɗaga darajarta ne zuwa wani matsayi na..." Ya tsaya neman kalma. Turancin ya zo bakinsa, ya haɗiye shi. "Wato za ta koma kula da... da sito."

"Wa zai zauna a taga?"

"Wata ma'aikaciyar."

"Saboda me?"

Ya dubi zanen da ke jikin allo, zanen bai taimake shi ba. Abin da ya sha tafi da Turanci, da ya zo fitowa da harshen da kakarsa ta yi masa tatsuniya da shi, sai ya ƙi fita da kwalliya. Amma a yaba masa, bai yi ƙarya ba. Ya sauke murya ya ce, "Saboda tana daɗewa da kowane mutum. Layi yana tsawo."

"Tana daɗewa tana me?"

"Tana... yi musu bayani."

Shi ma ya ji yadda maganar ta sauka. Manyan da ke rumfar gaba suka shiga duba wayoyinsu.

Sauda ta ce, "To yanzu na gane, na gode. Ni ma bari in faɗi tawa, ba ta da tsawo. Wana Jalo an sallame shi a minti ɗaya, yana kabari a Miri, ga matarsa nan. Mijina an daɗe da ni a kansa har mutane suna zagina a layi, ga shi nan zaune da hularsa. Shi ke nan abin da na sani."

Dakta Mahfuz ya daɗe yana kallon Hammadu. Da ya yi magana, Hausar gidansu ce ta fito, ba ado. Ya ce ya ji, kuma ya ji kunya. Ya ce mutum ɗari biyu ke zuwa a rana, tagar magani ɗaya ce, ya nemi ƙarin ma'aikata sau uku ba a ba shi ba. Ya ce takardar canjin ta riga ta fito daga sama da sa hannu, ba shi da ikon janye ta, amma zai rubuta. Kowa a wurin ya san inda irin wannan rubutu yake kwana.

Sauda ba ta ja da shi ba. Ta juya ta yi wa mutanenta alama, suka taso ɗaya bayan ɗaya, ba mai gabatarwa, ba lasifika. Matar Jalo ta ajiye ƙwaryar gero a gaban Liatu. 'Yan Muda Lawal suka ajiye turmin atamfa. Wata ta kawo ƙwai shida a leda, wani tsoho ya kawo zabo ɗaure da igiya yana ta fisge-fisge. Hammadu ya ajiye sabon bokiti da ya yi yini biyu yana bugawa, ya ce, "Ba ya yoyo, Sista." Kowa in ya ajiye sai ya faɗi abin da ta taɓa gaya masa, kalma da kalma, kamar masu biya hadda: kada a daina na hawan jini don an ji sauƙi, cokalin shayi ba na miya ba, a gama na kwana biyar ko zazzaɓi ya sauka.

Liatu ta tsaya da allon zinare a hammata, hawaye yana bin gefen tabarau. Aka miƙa mata lasifika ta yi jawabi. Ta ce, "Likita bai yi mini ƙarya ba, ina da jinkiri. Na gode." Ta mayar da lasifikar.

* * *

Ran Litinin Sauda ta je karɓar maganin wata. Layi yana gudu gwanin sha'awa, ba tsaki, ba gunaguni. Kafin ta gyara tsayuwa har an miƙo mata ambulan. Ta dubi matashiyar da ke tagar, ta ga yarinya ce mai ladabi da gajiya a ido, da agogo a bango saitin kanta. Sauda ta yi mata sannu da aiki, ta koma benci ta zauna, ba ta tafi ba.

Wani dattijo ya baro tagar, da ƙurar hanya a ƙafa da buhun taki da ya mayar jaka. Yana tafe yana gyaɗa kai, bakinsa bai gama sakin "to" ɗin ba. Ya tsaya a rana yana juya ambulan uku a hannu, ya duba wannan, ya duba wancan, ya haɗa su zai cusa a aljihu.

"Baba, sannu da zuwa," in ji Sauda. "Me aka ce maka?"

Ya dube ta, ya dubi ambulan ɗin, ya yi 'yar dariyar kunya. "Wallahi 'yata, an dai faɗa."

"Taso mu je."

Ta bi da shi ta bayan ɗakin haihuwa, suka wuce tankin ruwa da inda ake ƙona shara, har sito, can ƙarshen gini inda ba a shafa fenti ba. Mutum bakwai ne a jere a jikin bango, a ɗan siririn inuwar da ta rage, kowa da ambulan a hannu. Daga ciki, tsakanin kwalaye da suka kai rufi, muryar Liatu tana fitowa ba gaggawa: "Ba laifinki ba ne, ni ce ban faɗa da kyau ba. Maimaita mini."

Ƙofar siton irin mai rufe kanta ce, ga shi babu taga a ɗakin. Sauda ta sa dattijon a bayan na bakwai, ta sunkuya ta gyara abin da aka tokare ƙofar da shi don kada iska ta tura ta. Allon karramawar ne, an kifa rubutun zinaren a ƙasa.